Suna Ɗaya, Fuska Biyu: Katun ɗin Talabijin da Katun ɗin Aljihu

 

Ya ku iyayen Oforikrom da Aboabo da Asawase da Sabon Zango, akwai wata magana da ta zauna a bakunanmu har ta zama kamar fatawa: "Ai katun ne, ƙyale shi ya kalla." Uba na faɗinta yana saka takalmi zai tafi masallaci, uwa na faɗinta hannunta na kan muciya. Da zarar an ga zane ne yake motsi, ba ɗan'adam mai jini da tsoka ba, sai hankali ya kwanta, a miƙa wa yaro waya a juya baya. In ka matsa wa mai maganar, sai ya kafa maka hujja da cewa shi ma ya taɓa ganin wannan katun a talabijin, bai ga abin ƙi ba. Wannan hujjar nake nufin rushewa, domin ginin da aka ɗora a kanta 'ya'yanmu ne suke kwana a ƙarƙashinsa. Abin da ka gani a talabijin daban, abin da ke cikin wayar ɗanka daban, ko da sunansu ɗaya, ko da labarinsu ɗaya.

Mu faro daga tushe. Mafi yawan abin da yaranmu ke kallo yanzu, irin su Naruto da One Piece da Dragon Ball da Demon Slayer da Attack on Titan, zane ne mai motsi na ƙasar Japan, wanda masu shi ke kira anime. Al'adar wannan sana'a a can ita ce fim ya fito sau biyu. Fitowar farko a gidan talabijin, kashi ɗaya kowane mako, kimanin minti 24, kuma da yawansu kashi 12 ko 13 ne suke cika abin da masu fim ɗin Kano ke kira zango. Bayan 'yan watanni sai fitowa ta biyu a kan faifan DVD ko Blu-ray, wanda mutum zai saya ya kai ɗakinsa. Tsakanin waɗannan fitowa biyu ana sake taɓa hoton, kuma taɓawar iri uku ce. Duk wanda bai rarrabe su ba, ko dai ya yarda da abin da bai kamata ba, ko ya hana abin da babu laifi a cikinsa.

Iri na farko gyaran kuskure ne. Zana kashi guda aiki ne na dubban hotuna, ga lokaci ƙurarre, ga masu zanen ana biyansu kuɗi kaɗan bisa yawan abin da hannunsu ya fitar, har ana tura wani sashe na aikin Koriya da Sin da Filifin don a cim ma ranar nunawa. Gaggawa kuwa ba ta haihuwar ɗa mai kyau. A watan Agustan 2015 kamfanin Toei ya fitar da kashi na 5 na Dragon Ball Super, fuskokin jaruman a karkace, gaɓoɓinsu kamar zanen ɗan firamare a bayan littafi, duniya ta yi ta dariya. Da lokacin faifai ya zo sai aka sake zana wuraren da suka lalace. A wannan babi na faifai ya fi na talabijin, kuma babu mai hankalin da zai yi musu. Ɗalibin da ya wanke allonsa ya sake rubutu da kyau yabo ya cancanta.

Iri na biyu ya shafi haske, kuma a nan ne ya kamata kowace uwa ta buɗe kunne. Ranar 16 ga Disamba 1997 gidan talabijin na TV Tokyo ya nuna wani kashi na Pokémon wanda a cikinsa ja da shuɗi suka yi ta walƙiya da sauri na 'yan daƙiƙoƙi. A daren nan aka kwashi masu kallo 685 zuwa asibiti, mafi yawansu yara, wasu da jiri da amai, wasu jikinsu na karkarwa irin ta farfaɗiya. Aka dakatar da shirin wata huɗu, wancan kashin kuma ba a sake nuna shi ba har yau. Daga nan gidajen talabijin na Japan suka kafa ƙa'ida a kan yawan walƙiyar da za a bari cikin daƙiƙa guda, musamman mai launin ja. Shi ya sa in an zo wurin faɗa ko fashewar wani abu za ka ga hoton talabijin ya dusashe, ya ɗan yi hazo, kamar an shafa masa toka. Da gangan aka yi. A kan faifai kuwa sau da yawa ana ɗage wannan dusashewar, a mayar da hasken da cikakken ƙarfinsa, domin ana ɗauka mai sayen faifai baligi ne da ya san lafiyar jikinsa. To, ku dubi yadda namu yaran ke kallo: cikin duhun ɗaki, an ɗauke wuta, waya tazarar taƙi ɗaya daga ido, su uku ko huɗu sun haɗa kai. Garkuwar da aka yi wa ɗan Japan bayan an sha wuya, ɗan Zango yana kallo ba tare da ita ba, ubansa kuma bai ma san an taɓa yin ta ba.

Iri na uku shi ne labule, kuma shi ne zuciyar maganata. Da yawa daga cikin waɗannan finafinai tun asali ba don yara aka yi su ba. Ana nuna su a Japan bayan ƙarfe sha biyun dare, lokacin da yara suka yi barci. Duk da haka gidan talabijin yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, saboda haka sai a rufe abin da ya wuce iyakar. Tokyo Ghoul, wanda ya fito a 2014, labari ne na halittu masu cin naman mutane; a talabijin an lulluɓe wuraren yanka da baƙar inuwa, wani lokaci rabin hoton ya koma duhu, wani lokaci a juya launuka don kada jini ya fito ja. A wannan shekarar dai, cikin JoJo's Bizarre Adventure, an shafe sigarin da ke bakin jarumin da baƙi, saboda shekararsa 17 a labarin, dokar Japan kuma ba ta halatta shan taba ba sai an kai 20. Akwai kuma wani jinsi da ba zan ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsa ba, kada in zama ɗan talla, wanda a cikinsa ake zana tsiraicin mata, sannan a ratsa wani farin haske ko tururin ruwan wanka a kan al'aura kafin a miƙa wa gidan talabijin. A kan faifai babu inuwa, babu haske, babu tururi. An yaye labulen gaba ɗaya.

Kada wani ya zaci kunya ce ta sa aka rataya wannan labule. Lissafin kasuwa ne. Kamfanonin da suka haɗa kuɗi suka yi fim ɗin su ne sau da yawa suke biyan gidan talabijin kuɗin wannan lokaci na tsakar dare, domin nunawar tamkar talla ce. Riba tana wajen abin da za a sayar daga baya, kuma shekaru da yawa faifai na cikin manyan ƙofofin ribar: faifai ɗaya mai kashi biyu ko uku kacal yana kaiwa kimanin yen 7,000. Me zai sa mutum ya biya wannan kuɗi a kan abin da ya riga ya gani kyauta? Sai in an yi masa alkawarin ganin abin da aka ɓoye masa. Mai tsire ba ya hana ƙanshi isa hancin mai wucewa, naman yake riƙewa sai an biya. Farin hasken nan da uba ya gani a talabijin ya ce alhamdu lillahi an rufe, a idon mai fim alama ce da ke cewa ga inda kayan suke, zo ka saya.

Mu kuma nan akwai labule na biyu da ya ƙara ruɗa mu. Waɗanda suka girma a gidajen da ke da kwandon tauraron ɗan'adam suna tuna tashar Spacetoon ta Larabawa, wadda ta fara a shekarar 2000. Malaman Islamiyya da yawa ba su ga aibunta ba, tunda yaro na tsintar Larabci mai kyau daga gare ta. Sai dai abin da ta nuna ya bi ta hannun masu fassara a Dimashƙa, waɗanda suka yanke abin da suka yanke, suka ƙara wa tufafin mata tsawo, suka mayar da giya ruwan 'ya'yan itace, wani lokaci ma suka sake wa labarin fuska. Amurkawa ma sun yi nasu: da suka fara nuna One Piece a 2004 sun zare sigarin da ke bakin mai dafa abincin jirgin suka maye gurbinsa da alewa mai tsinke. Saboda haka yayan da yake cewa "ni ma shi na kalla ina yaro, ga ni ban lalace ba" yana ba da shaida ne a kan abin da aka tace sau biyu, alhali ƙanensa yana riƙe da wanda ba a tace ko sau ɗaya ba. Shaidar da ba ta dace da abin da ake shari'a a kansa ba, alƙali ba ya karɓarta.

Ta yaya na faifan yake isowa Kumasi? Babu wanda ya san wani ɗan Zango da ke aika kuɗi Tokyo ya sayo Blu-ray. Wani ne a wata ƙasa yake kwafe faifan ya watsa a intanet, daga nan ya gangaro ta shafukan sata da rukunonin Telegram, ya faɗa kwamfutar masu zuba fim a waya da memori a Adum da Kejetia da bakin titunan unguwanninmu, inda 'yan sidi kaɗan suke sayen zango guda cur. Kuma masu kwafar nan na faifai suka fi nema, domin hotonsa ya fi kyau, sai su rubuta a kai da Turanci cewa ba a yanke komai ba. Yaro kuma ya san ma'anar wannan rubutu sarai, ko da ubansa bai sani ba.

Wani zai ce ai gwamnati na da hukuma. Gaskiya ne. Ghana ta yi dokar bunƙasa fim da rarraba shi bisa shekaru a 2016, doka mai lamba 935, wadda ta haifar da Hukumar Fim ta Ƙasa, kuma an sanar cewa daga watan Mayun 2021 gidajen talabijin da na sinima ba za su nuna abin da ba a tantance ba. 'Yan'uwanmu na Kano sun riga mu, tun 2001 suke da Hukumar Tace Finafinai. Amma hannun hukuma yana kaiwa ga wanda ke da ofis da lasisi da adireshi. Memorin da bai kai girman farce ba, wanda ke cikin aljihun wandon makaranta, wace hukuma ce za ta tantance shi? Mun ɗora tsaron gidanmu a kan mai gadin da ke tsaye a wata ƙofa, ɓarawo kuwa ta taga yake shigowa.

Akwai abin da ya fi jini da tsiraici nauyi a wurinmu, kuma shi ma ta ƙofar faifai ya bayyana. A watan Mayun 2008 kamfanin Shueisha da masu zanen wani tsohon fim na JoJo, wanda kai tsaye aka fitar da shi don kallon gida, suka dakatar da sayar da shi suka ba da haƙuri, bayan an gano cewa littafin da mugun labarin yake karantawa rubutun Alƙur'ani mai girma ne aka kwafa a shafukansa. Fim ɗin ya yi shekaru a kasuwa kafin masu jin Larabci su lura. A watan Nuwamban 2019 kuma kamfanin Aniplex ya janye faifai na 4 na Demon Slayer, saboda a cikin kiɗan da aka haɗa da shi kyauta an cusa sautin kiran salla. A duka biyun kamfanonin sun janye kayansu, kuma adalci ne a faɗi haka. Darasin da ke ciki shi ne babu wata hukumar Japan da ta kama waɗannan abubuwa, domin a idonsu ado ne kawai da sauti mai daɗi. Musulmi ne suka kalla, suka gane, suka yi magana. Mai tacewa yana tace abin da al'ummarsa ke ƙi. Abin da taka al'ummar ke ƙi, in ba kai ka duba ba, babu mai duba maka.

Yanzu bari in juyo gare ku, samarinmu, musamman ku da ke karatu a jami'ar Tech da ke maƙwabtaka da mu. Na san abin da kuke cewa: na faifai shi ne aikin gaskiya kamar yadda mai shi ya nufa, na talabijin kuwa guntu ne, kuma rufe wa baligi hoto raini ne. A kan gyaran zane kun yi gaskiya, na kuma riga na ba ku. Amma kun haɗa abu uku a buhu ɗaya kun sa masa suna fasaha. Gyara karkatacciyar fuska fasaha ce. Cire tururi daga jikin yarinyar da aka zana da kayan makaranta don a sayar da faifai, wannan ciniki ne, kuma kun san sunan irin wannan ciniki. Sannan ku tuna inda kuke kwana. Mai sayen faifai a Japan yakan rufe ƙofarsa shi kaɗai. Ku kuwa gidan haya ne mai ɗakuna goma, tsakar gida ɗaya, wayar yaya ita ce sinimar ƙanne da 'ya'yan maƙwabta. Abin da ka sauke don kanka da dare, da hantsi ɗan shekara takwas ne yake kallonsa kana wanka. 'Yancin da kake nema wa idonka, wani ne yake biyan kuɗinsa.

Haka nan ban goyi bayan waɗanda ke cewa a tattara duka a ƙone ba. Hukuncin zane da hoto magana ce ta malamai, su ne masu ita. Abin da nake gani a zahiri shi ne uban da ya ce duk katun ɗaya ne, da mai halatta duka da mai haramta duka, ya faɗa wa ɗansa cewa bai san abin da yake magana a kai ba. Yaron ya san akwai na ƙwallon ƙafa, akwai na cin naman mutane, ya san akwai mai labule da marar labule. Ranar da ya gane ya fi ubansa sanin abin, daga ranar umarnin uban ya zama iska, sai ya koma kallo a bayan gida ko a ɗakin aboki. Muna cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To, a wannan fage yaro ne a kan rimin, babba kuma ya ƙi ko ɗaga kai.

Abin mamaki, maganin wannan yana cikin gadonmu. Zamanin da littafi da hannu ake kwafarsa, daga Salaga zuwa Kete Krachi inda Alhaji Umaru ya rayu ya koyar har rasuwarsa a 1934, malami ba ya amincewa da littafi don sunan da ke bangonsa. Sai ya tambaya: wa ya kwafa, daga wace nusha? Sannan a zauna a yi muƙabala, ɗaya na karantawa ɗaya na bi da yatsa, har a tabbatar babu ƙari babu ragi. Kakanninmu sun san cewa littafi biyu na iya ɗaukar suna ɗaya cikinsu ya saɓa. Jikokinsu ne yau suke jin sunan fim su ce mun san shi. Wanda ya gaji muƙabala bai kamata a yaudare shi da bango ba.

Don haka ga abin da nake kira gare shi, kuma babu wanda ya fi ƙarfin talaka a ciki. Kada uba ko uwa su yi hukunci da suna. A karɓi wayar, a buɗe ainihin abin da ke ciki, a ja shi gaba a duba tsakiya da ƙarshe, domin kashin farko sau da yawa lafiya lau yake. Wanda ba ya jin Turanci ya sa amintaccen ɗa ko ƙane ya karanta masa abin da aka rubuta a kan fim ɗin da adadin shekarun da aka ƙayyade masa. A hana kallo cikin duhu da manna waya a ido, yaron da ke da farfaɗiya kuwa ko aka taɓa ganin alamarta a tare da shi, a nisanta shi da masu walƙiya, a kuma nemi shawarar likita. Yayye su raba abin da suke kallo da abin da ƙanne za su iya buɗewa. Masu zuba fim, waɗanda da yawansu 'ya'yanmu ne kuma muna haɗuwa a sahu ɗaya, su ji tsoron Allah su dubi shekarun wanda ya miƙo musu memori kafin su dubi kuɗinsa. Mai sayar da maganin ɓera ma yana duban hannun da ya miƙo kuɗi. Limamai da malaman makarantu kuma su nemi sanin abin kafin su hau mumbari a kansa, domin wa'azin da ya kuskure wa gaskiyar abu dariya yake zama a bakin yara.

Mutanen Japan sun san abin da suka zana, shi ya sa suka ajiye shi sai tsakar dare, suka dusashe haskensa, suka rataya masa labule, suka tsauwala kuɗin faifansa. Duk waɗannan shingaye huɗu sun zube a hanya kafin kayan su iso Oforikrom. Shinge ɗaya ya rage, shi ne idon mahaifi da mahaifiya, kuma shi ne muke cirewa da hannunmu duk lokacin da muka ce ai katun ne. Ranar da za a tambaye mu kiwon da aka ba mu, ba za a karɓi uzurin cewa a talabijin an rufe ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare idanunsu da zukatansu, Ya ba mu ikon sauke amana.